Dajin da Babu Biri

Ranar da yayana, Bhai Aftab, ya ce zai kai mu hutu daji, ina tsugune a tsakar gida ina tsince shinkafa. Wallahi da na san inda maganar za ta kai ni, da na ajiye tiren na shige banɗaki na kulle kaina har su gama.

Ku da yau kuka fara karanta ni, sunana Tarannum. Gidanmu yana lungun masu aikin tagulla a Moradabad. Shekarata ashirin da uku, karatu a aji biyar na tsaya lokacin da Ammi, mahaifiyata, ta yi doguwar jinya, tun daga nan girki da saƙa suka zama aikina. Ba ni da baki. Idan baƙo ya yi sallama ji nake kamar in shige cikin tulu. A gidanmu har an saba, in ana jin ra'ayin kowa sai a tsallake ni yadda ake tsallake kujera.

Akwai Shadab. Mutumin Ramnagar ne, garin da yake bakin dajin, maƙwabcin ƙanwar Ammi, a wajen wani biki muka ga juna. Wata biyu ke nan da mahaifiyarsa ta kawo shi gidanmu da kwalin alawa tana nema masa aurena. Abbu, mahaifina, ya ce, "Sai na yi tunani." Har zuwa lokacin tunanin yake yi. Ita kuwa Fufi Nargis, ƙanwar Abbu, kullum tana hanya da hoton Parvez, ɗan yayan mijinta mai shagon waya. Ta nuna min shi a tsaye, ta nuna min shi a zaune, ta nuna min shi jingine da motar da ba tasa ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku.

Ranar da su Shadab suka zo, Fufi ta ritsa ni a kicin ta ce, "Wai me yake yi ne?"

Na san abin da yake yi sarai. Amma na kalli ƙasa na ce, "Yana kula da tsaron baƙi a wani wurin hutu."

Kafin shayi ya isa falo ya zama jami'in tsaro. Shadab ya buɗe baki zai gyara, mahaifiyarsa ta taka masa ƙafa, da idona na gani ta bayan labule. Kafin Juma'a ya zama shugaban tsaro. Mako na gaba na ji Ammi tana gaya wa maƙwabciya yana da bindiga da yara goma a ƙarƙashinsa. Ni kuma na yi gum.

Gaskiyar ita ce, Shadab kukan biri yake yi.

Kun san jajayen biran nan masu sata ba abin da suke tsoro irin langur, babban birin nan mai baƙar fuska da doguwar jela. Kakan Shadab langur na gaske yake yawo da shi a igiya yana korar wa mutane birai. Da aka hana, sai jikan ya koyi muryar. Kullum da asuba yakan sa fuskar roba, ya ɗaura jelar igiya, ya hau bishiya a wurin hutun, ya saki kuka. Duk birin da ya ji sai ya bar wajen da gudu. Aikin ke nan. Har ni ya taɓa koya wa a waya don wasa, na gwada da matashi a bakina, ya dinga dariya yana cewa wai na fi shi iya ƙarshen.

Wuraren hutu a gefen dajin nan sun fi ɗari, sunayensu duk na Turanci ne kuma duk kama ɗaya. Ba wanda ya riƙe sunan nasa a gidanmu sai ni. Da wannan nake samun barci.

To, sai ga Bhai Aftab ya dawo daga Muscat bayan shekara huɗu, da turare, da tumbi, da wata ƙatuwar lasifika mai walƙiya, ya ce gidan nan ba a taɓa zuwa hutu ba, bana sai an je, kuma ba wurin ya-ku-bayi ba.

"Na manya," in ji shi. "Inda ake naɗe tawul ya zama agwagwa."

Ammi ta ce, "To a tambayi yaron nan Shadab mana, ai yankinsu ne."

Shinkafar ta kusa zubewa daga hannuna.

Abbu bai ɗago daga jaridarsa ba ya ce, "Ba na neman alfarma wajen mutumin da ban ba shi amsa ba."

Ban taɓa son taurin kan Abbu irin na ranar ba.

Aka sa zama ranar Lahadi bayan azahar. Fufi ta iso tun sha ɗaya cikin salwar, riga da wando, kore mai duwatsu, da baƙin tabarau a saman goshi kamar an riga an tafi. Ni ina cikin tsohuwar rigata mai ruwan toka, mayafina har goshi, na kawo dal, miyar wake, da jalebi, alkakin ƙasarmu, na koma bakin ƙofa na raɓe. Bhai ya haɗa wayarsa da talabijin, ya ɗauki muciya yana nuni da ita.

"Na tace sun koma uku. Kowa ya faɗi abin da yake so."

Ammi ta ce ita dai a bar ta ta tafi da tukunyarta mai fito, don ba za ta ci naman da ba ta ga wanda ya wanke shi ba. Abbu ya ce wurin salla, kuma ban da kiɗa. Fufi ta ce wurin da za ta ɗauki hoton da zai hana matar yayan mijinta sukuni. Bhai ya ce shi damisa yake son gani.

Sai Dadi, kakarmu ta wajen uba, ta buga sandarta a ƙasa.

"Biri."

"Kina son ganin biri, Dadi?"

"Ubanka ne yake son ganin biri. In akwai biri ko ɗaya ba ni zuwa."

Dole in ba ku labarin Dadi da birai. Shekara arba'in suna yaƙi a saman soronmu. Sun ɗauke mata tabarau biyu, da carbi, da takalmi ƙafa ɗaya. Shekara uku da suka wuce ta cire haƙoranta na roba ta ajiye a kofi tana alwala, babbansu ya sauko ya ɗauke. Sufeto take kiransa, saboda yadda yake tafiya. Duk unguwa an gan shi zaune a kan tankin ruwa yana gwada su a bakinsa. Wata guda Dadi tana shan kunu kafin a yi mata wasu.

Bhai ya nuna na farko. Ɗakuna ne a saman bishiyoyi, bangonsu duk gilashi.

Ammi ta dafe ƙirji. "Gilashi? In canza kaya damisa tana kallona?"

"Akwai labule, Ammi."

"To in za a ja labule me ya kai mu saman bishiya? A nan ma muna da labule."

"Matakala nawa?" in ji Dadi.

"Arba'in da biyu."

"To ku haƙa min kabari a ta ashirin."

Bhai ya gangara wajen sharhin waɗanda suka taɓa zuwa. Wata mata ta rubuta cewa biri ya zuge mata jaka, ya cinye maganin hawan jininta, ya kwana a kan gadonta cikin kwanciyar hankali. Dadi ta ce a wuce.

Na biyu wurin shiru ne. A bakin ƙofa ake karɓe waya. Ba a magana daga safe har azahar. Ba shayi, sai ruwan ganye. Akwai wani malami da yake kai baƙi su rungumi bishiya su gaya mata damuwarsu.

"Su gaya mata da me, ba an hana magana ba?" in ji Abbu.

"A zuci, Abbu."

"Kuma biya ake yi?"

Fufi ta ce ita ba ta ga laifinsa ba, shiru ai abu ne mai kyau. Bhai ya ce, "Fufi, ke ko a sujada ana jin muryarki." Ta jefe shi da matashi.

Sai ya danna na uku.

Tun kafin hoton ya gama buɗewa na gane ƙofar. Shadab ya sha turo min ita. Gidajen dutse a bakin kogi, ciyawa kamar darduma, fitilu a rataye a jikin bishiyoyi. Kowane gida da ɗan kicin ɗinsa. Ammi ta gyara zama. Akwai ɗakin salla a bayan wurin cin abinci. Abbu ya ninke jarida. Akwai lilo a kan ruwa da aka yi wa ado da furanni. Fufi ta sauko da tabaraunta kan hanci. Ba matakala ko ɗaya.

"Birai fa?" in ji Dadi.

Bhai ya fara karantowa yana fassarawa. "Mun ci abinci a waje kwana uku, ko biri ɗaya ba mu gani ba." Ya gangara. "Na bar ayaba a kan tebur da gangan, da yamma na same ta." Ya gangara. "Wuri ɗaya tilo a dajin nan da babu biri." Mutum ɗari huɗu da wani abu, kowa bakinsa ɗaya.

Dadi ta ɗaga hannu sama, idonta ya kawo ruwa. "Ashe akwai irin wannan wuri tun a duniya."

Na ce zan ɗora shayi. Na shige kicin na turo ƙofa, na ɗauki waya na rubuta wa Shadab.

"Wurinku za su zaɓa."

Nan da nan ya amsa. "Alhamdu lillahi. Ku zo mana."

"Shadab ba wasa nake ba. Za su gan ka a bishiya."

"To ai a can nake."

"Don Allah ka bar birai su shigo ko na kwana biyu ne, mutane su rubuta ƙorafi."

Ya daɗe bai amsa ba. Madara ta taso ta zube a kan murhu ban ko motsa ba.

"Tarannum, shekara huɗu ko biskit ɗaya ba a sata ba a wurin nan. Ba ni da mota, ba ni da shago, wannan nake da shi. Kuma na gaji da zama shugaban tsaro. Jiya mahaifiyata ta ce in ari kaki in ɗauki hoto."

Na karanta sau uku. Na ji kunya ta rufe ni, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Abbu mutum ne da zai yafe maka fasa masa gilashi amma ba zai yafe maka cewa kyanwa ce ta fasa ba. In ya gano, maganar Shadab ta mutu, Parvez da motar aro sun shigo.

Na dawo da shayi na tarar har an fara zancen ranar tafiya. Asabar mai zuwa. Bhai ya ce, "To kowa ya yarda ko?" Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da muciya, ya tsallake ni.

"Ni ban yarda ba."

Ammi ta waiwaya bayanta tana neman wanda ya yi magana.

"Tarannum? Ke ce?"

"Ni na fi son na shirun," na ce, muryata kamar ta sauro.

Bhai ya fashe da dariya. "Ke da shekara ashirin da uku kina can kyauta!"

Na ji zufa tana bin bayana duk da sanyin da ake yi. Sai bakina ya faɗi abin da ya fi kowanne muni.

"Ai dajin da babu biri abin tsoro ne. Me ya kore su?"

'Yan uwa, da hannuna na haƙa, da ƙafata na faɗa.

"Damisa!" in ji Bhai, idonsa yana sheƙi. "Wallahi damisa ce take kwana a wajen!"

"Ko guba suke sa musu," in ji Ammi.

"Allah ya sa," in ji Dadi.

Fufi ta riga ta zaro wayarta. Matar nan in ta sa kanta bincike ko ranar haihuwar kakanka sai ta tono. Minti biyu ba a yi ba ta saki ihu. "Ga shi! Wani baƙo ya ɗauka! Aftab, sa mana a talabijin!"

Bidiyon ya buɗe da hazo na safiya da wata babbar bishiya. Can sama, a kan reshe, wani abu mai ruwan toka a tsugune, baƙar fuska, jela tana lilo. Ya ɗaga kai sama ya saki: "Uuup! Uuup! Kha-kha-kha!" Sai ga jajayen birai sun fi talatin suna zubowa daga katanga suna hawa kan juna.

A wuyansa kuwa, mayafin ulu. Ratsin ruwan lemo da kore, bakinsa ɗaya shuɗi saboda zaren ya ƙare min.

Babu wanda bai san zaren nan ba a gidanmu. Tsohuwar rigar sanyin Dadi na warware. Na ce wa Ammi Abbu nake saƙa wa. Da na gama na aika wa Shadab ta hannun ƙanwar Ammi, na ce na shanya a soro birai sun ɗauke.

Dadi ta miƙe tsaye ba sanda. "Ga ɓarawon! Ga mayafin ɗana! Tun daga nan har Ramnagar ya kai shi, la'ananne!"

"Ai kuwa shi ne," in ji Ammi. "Ji yadda ya naɗa shi kamar mutum."

"A mota ya je ko a ƙafa?" in ji Bhai.

Fufi ta matsa har hancinta ya kusa taɓa talabijin. "Ku tsaya. Wane irin langur ne da agogo? Wannan ai takalmi ne a ƙafarsa. Mutum ne! Wallahi mutum ne ya sa jela!"

Bhai ya faɗo daga kujera. Ya mayar da bidiyon baya, ya sake, ya sake. Ammi tana dariya tana goge ido da bakin mayafi. Har Abbu sai da gefen bakinsa ya motsa. Aka yanke cewa biri ne ya sace mayafin, ya yar, mutumin ya tsinta. Ba wanda ya kalle ni. Da na yi shiru da shi ke nan, na sami kwana shida in nemi wata dabara.

Sai Fufi ta ce, tana haki, "Kai, duniya! Namiji har namiji, da gemunsa wataƙila, ya tashi da asuba ya ɗaura jela. Wace uwa ce za ta ɗauki 'yarta ta ba wannan? A ce me ake ce wa 'ya'yansa a makaranta?"

Na kalli talabijin. An tsayar da hoton daidai inda ya ɗaga kai. Na san sanyin dajin nan da asuba, ya sha gaya min yatsunsa ba sa lanƙwasuwa. Kuma ga shi ya naɗa mayafina har sau biyu.

"Shadab ne."

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa, wannan karon har tiren hannuna sai da ya yi ƙara.

"Shadab ne. Ni na ba shi mayafin. Ba biri ba ne ya ɗauka."

Ban taɓa jin gidanmu ya yi irin wannan shirun ba. Wurin hutu na biyu ma albarka.

"Shugaban tsaron?" in ji Ammi a hankali. "Bindigar fa?"

"Babu."

"Yara goman?"

"Shi kaɗai ne."

Fufi ta zauna daɓas, fuskarta kamar an ba ta kyautar gida. "Yaya, ka ji ko? Ka ji irin mutanen da suka shigo mana da alawa? Parvez dai ko me za a ce, a ƙasa yake aiki."

Abbu bai kula ta ba. Ni yake kallo.

"Shi ya ce ki ce shugaban tsaro ne?"

"A'a, Abbu."

"Wa ya ce?"

"Ni na fara. Na ji kunya."

Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. Duk wanda ya san Abbu ya san in ya yi haka magana ta ƙare.

Daidai nan muka ji tartsatsin kwalba daga sama.

Acar ɗin Dadi, lemun tsamin da take tsumawa da gishiri da yaji! Kwalba takwas ta jera a rana tun safe, kuma saboda zaman nan ba a bar kowa gadi ba. Muka ji gudu-gudu a kan rufi, da ƙarar murfi yana gangarowa matakala.

Dadi ta juyo ta nuna ni da sanda. "Kira shi."

"Dadi..."

"Na ce kira shi! Aftab, ɗauko akwatin ihun nan naka!"

Haka muka hau soro a jere, Bhai da lasifika a ka, ni da waya, Dadi a gaba, matar da ta ce a haƙa mata kabari a matakala ta ashirin. Birai sun kai goma sha biyar. Sufeto yana zaune a tsakiya, hannunsa cikin kwalba har gwiwa, ya kalli Dadi ya ci gaba da lasa.

Shadab ya ɗauka. Muryarsa ta fito ta lasifika, duk unguwa ta ji. "Tarannum, ki yi haƙuri da abin da na rubuta, ni dai ina son..."

"Kowa yana ji!" na ce da sauri.

"Kai yaro," in ji Dadi, "kakarta ce."

"Assalamu alaikum, Dadi, ina fatan kina cikin..."

"Bar gaisuwar nan. Yi kukan."

"Na'am?"

"Kukan da kake yi a bishiya. Yi shi yanzu, da ƙarfi."

Na ji ya ja numfashi.

Ni na sha jin kukan nan a waya, amma ban taɓa jin sa ta lasifikar Muscat ba. Tattabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Sufeto ya daskare, ya saki kwalba, ya yi tsalle bai duba ba ya faɗa tsakar gidan maƙwabta cikin bahon wanki. Sauran suka watse ta kan wayoyin lantarki, uwa tana mance ɗanta tana dawowa ta fizge shi. Kafin ka ƙirga goma soronmu ya zama wayam, karo na farko tun da aka haife ni.

Dadi ta tsaya tana kallon tankin ruwa.

"Sake," ta ce.

Ya sake.

Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Wannan ta ce don Allah a juyo da abin wajen nata soron, sun hana ta shanya barkono. Wancan ya ce a miƙo masa nan. Bhai, wanda ɗazu yake birgima a ƙasa, shi ne ya dinga tsallaka katanga da lasifika a kafaɗa yana cewa, "A yi layi, surukinmu ne, a yi layi!" Fiye da awa guda Shadab yana kuka daga Ramnagar, soro bayan soro, har bakin masallaci. Bhai ya ce bari ya naɗi muryar a ajiye wa Dadi. Shadab ya ce ba ta aiki, kwana ɗaya suke gane naɗaɗɗiya, washegari a kan lasifikar za su zauna.

"To dole a kawo mai muryar," in ji Dadi.

Fufi ta ce, "Amma dai Parvez..."

"Parvez ya iya wannan?"

"Yana da shago fa."

"Shagon ya taɓa dawo min da haƙora?"

Ban san lokacin da Abbu ya hawo ba. Sai ganinsa na yi a bakin matakala. Ya miƙo hannu, Bhai ya cire wayar daga lasifika ya ba shi. Amma ina kusa, na ji komai.

"Shadab."

"Na'am, Abbu." Muryarsa har ta fara shaƙewa.

"Ranar da ka zo gidana, aka ce kai jami'i ne, me ya hana ka magana?"

"Na buɗe baki, mahaifiyata ta taka min ƙafa. Amma laifina ne. Ƙafa ta taka, ba baki ba."

Abbu ya kalli hannuwansa. Duk wankin duniya bai taɓa fitar da baƙin da yake cikin layukan tafinsa ba.

"Shekara talatin ina gaban injin goge tagulla. Kullum da baƙar fuska nake dawowa gida, yara suna bi na suna tsokana. Taka fuskar ko cirewa kake yi in ka tashi aiki." Ya ɗago kai. "Ranar Asabar muna zuwa. Ka zo ka gaishe ni cikin kayan aikinka, har jelar. Ka ce wa mahaifiyarka ta zo, ta bar ƙafarta a gida. A can zan ba ku ranar aure."

Na toshe bakina da mayafi.

Ya kashe wayar ya miƙo min, amma bai saki ba.

"Ke kuma. Duk wanda aka gaya wa bindiga da yara goma, ke za ki bi su gida-gida ki gyara. Da bakinki. Ki fara da maƙwabciyar nan da biri ya faɗa wa a baho."

"To, Abbu."

"Ban ji ba."

"To, Abbu!"

Bhai ya kama mana gidaje biyu a bakin kogi tun kafin magariba. Ammi ta wanke tukunyarta ta naɗe a zani. Fufi ta tafi ba sallama, amma daga baya ta turo tana tambaya ko lilon nan yana ɗaukar mutum mai ɗan jiki. Ni kuwa gida huɗu na shiga a yammacin, na tsaya a tsakar gidan mutane ina cewa, "Ba shi da bindiga, kukan biri yake yi." A gida na uku ma ban kalli ƙasa ba.

Yau da safe na tashi na ga saƙon murya daga Shadab. Na kunna na kara a kunne. Ba abin da yake fita sai iska, kamar tayar keke tana sacewa. A ƙasa ya rubuta:

"Murya ta tafi. Likita ya ce kwana bakwai ko tari kada in yi da ƙarfi. Tun asuba biyu sun hau katanga suna kallona, na buɗe baki ba abin da ya fito, ɗaya har ya matso. In suka gane, kafin Asabar sun cika wurin. Dadi kuma ta ce ko ɗaya ta gani..."

Sai wani saƙon ya shigo.

"Kin tuna abin da na koya miki?"

Na ajiye wayar. Na ɗauki bokitin wanki na hau soro kamar kullum. Yana nan. Sufeto, shi kaɗai, a kan tankin ruwa, jikinsa har yanzu da kumfar sabulu a bayan kunne. Ya kalle ni ya yi hamma. Duk gidan nan ni ce bai taɓa ko matsawa dominta ba.

Na duba hagu, na duba dama. Na ajiye bokiti. Na zame mayafina daga baki, na ɗaga kai sama yadda na ga ya yi a bidiyo, na cika ƙirjina da iska.

Ban san daga ina abin ya fito ba. Ni kaina sai da na tsorata.

Da na buɗe ido babu kowa a kan tankin, sai murfinsa yana rawa.

Na juyo ina haki. Abbu yana tsaye a bakin matakala da kofin shayi a hannu, rabinsa ya zube a kan rigarsa. Mun daɗe muna kallon juna.

Ya ciro tabarau daga aljihu, ya warware, ya sa.

"Sake yi in ji," in ji shi.